Rantsuwar da Na Sa Yaya Sule Ya Yi

Kun taso kuna jin ana cewa mahaifinku ya yi wa gwamnati aiki shekara talatin da uku ba a taɓa ba shi takardar gargaɗi ba. Gaskiya ne, ba a taɓa ba ni ba. Amma akwai abin da ba ku sani ba, kuma tunda ummanku ta rufa min asiri duk tsawon shekarun nan, ni ya kamata in faɗa muku da kaina tun ina iya riƙe biro. Shekarun da ke rubuce a takarduna ba nawa ba ne, na girme su da shekara biyar cif. Wanda ya san ma'aikatan zamaninmu ba zai yi mamakin wannan ba, don da za a tara mu a ce kowa ya faɗi shekarunsa na Allah da Annabi, da kujeru da yawa sun zama babu kowa kafin azahar. Abin da ya sa nawa ya tsaya min a rai shi ne hanyar da na bi, da mutumin da na jawo na tsoma a ciki, wato baffanku Sule.

Na shiga aiki da girmana, ina da shekara talatin da biyu, bayan na gaji da zaman shagon kayan keke a Kawo. A rajista aka ajiye ni, ɗakin da ake tara fayil-fayil na ma'aikata, kuma a nan na tsufa har na zama shugaban wurin. Kada ku ɗauka son aikin nake yi. Babu ranar Allah da ba mu zage shi ba. Da safe wajen sa hannu a littafin zuwa aiki za ka ji wani yana cewa wannan ai bauta ce, wani ya ce da kasuwa ya bi da yanzu ya wuce nan, ni kuma nawa karatun kullum ɗaya ne, cewa ranar da na yi ritaya ko hanyar ofishin nan ba zan sake bi ba. Kuma lokacin da nake faɗa da gaske nake. Ƙurar tsofaffin takardu ta ba ni tarin da har yau nake fama da shi, igiyar ɗaure fayil ta yi min kanta a yatsu, daraktoci suka yi ta zuwa suna tafiya, wasu ma sa'o'in ƙannena, kowanne da irin tsawarsa. Sai dai kuma idan na shigo da safe masu gadi sukan miƙe su gaishe ni. Mutum zai taso tun daga Zariya ya tsaya gaban teburina yana murza hannu, saboda ni kaɗai na san a wane lungu fayil ɗinsa yake kwance. Ban taɓa lura cewa wannan ne ke riƙe da ni ba sai ranar da na ga Malam Tanko.

Malam Tanko shi ne ya koya min aiki, kuma kujerarsa na gada. A zamaninsa in ya yi gyaran murya a baranda sai ka ga masu hira sun watse. Bayan ya yi ritaya da 'yan watanni ya dawo bin takardun fanshonsa, sai sabon mai gadi ya tare shi a ƙofa yana tambayarsa wajen wa ya zo. Ya wuni a kan benci tare da masu neman aiki, waɗanda ya raina da hannunsa suna wucewa suna ɗaga masa hannu daga nesa. Da na ji labari na fita na shigo da shi, na ba shi kujera. Ya daɗe yana kallon kantocin fayil, sannan ya ce:

"Garba, kar ka bari a ruɗe ka da maganar hutu. Watan farko ka yi barci. Wata na biyu ka gyara famfo da ƙofofin gida. A na uku matarka za ta fara tambayarka ko ba ka da inda za ka je."

Na yi dariya, shi ma ya yi. Amma yana fita na ɗauko kalanda na duba, na ga saura min wata goma sha huɗu in cika sittin, shekarun da doka ta ce mutum ya tattara ya tafi gida. Tun daga ranar tsoro ya shige ni, tsoro na gaske, irin wanda ban gaya wa kowa ba.

A daminar shekarar ne iska ta yaye kwanon ɗakin ajiyarmu ranar wata Asabar, ruwa ya yi kwana biyu yana zuba babu wanda ya sani. Ranar Litinin muka tarar da fayil-fayil sun jiƙe sun manne da juna kamar danƙararren tuwo, nawa yana ciki. Aka ba da umarni duk wanda nasa ya lalace ya kawo sababbin takardu, har da ta shaidar shekaru. Ku da aka haifa a asibiti ba ku san wannan takarda ba. Mu da aka haifa a ɗaki, kotu ake zuwa, wani wanda ya girme ka a gidanku, wanda ya ga haihuwarka, ya shaida cewa a shekara kaza aka haife ka, a buga hatimi. Kafin sati biyu ofishinmu ya koma na samari. Masu furfura har a gira suka dawo 'yan arba'in da ɗoriya, ana haɗuwa a baranda ana yi wa juna barka da ƙuruciya. Wani abokin aikina ya leƙo ya rage murya ya ce, "Oga, kai ne fa mai ɗakin. Kowa ya gyara, kai za ka zauna?" A raina kuwa na riga na yanke shekara biyar.

Da na gaya wa ummanku Rabi, tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Nawa za ka rage?"

"Biyar kawai."

"Kawai. To Ladi fa? Shekara uku ka ba ta. Ke nan daga yau ƙanwarka ta zama yayarka, sai ka riƙa durƙusa mata."

"Rabi, ba wasa nake yi ba."

"Ni ma ba wasa nake ba, Malam. Shekara da shekaru kana dawowa kana tsine wa aikin nan, yau an buɗe maka ƙofa kana neman ƙusa ka kafe ta. Tsaya ma tukuna, wa zai shaida maka?"

Iyayenmu sun rasu, baffanni da gwaggonni duk sun tafi, mutum ɗaya ya rage a duniya da ya ga haihuwata, wato Yaya Sule. Ta ajiye faifan ta dube ni.

"Ka ji tsoron Allah ka ƙyale bawan Allahn nan."

Na tashi na yi ta faɗa, na ce ita ba ta san wahalar duniya ba, yara na makaranta, in na ajiye aiki yanzu da me za a ƙarasa. Na sha gaya wa kaina cewa dominku na yi, to yau ina janye wannan magana. Da fanshona da gonar da mahaifinmu ya bar mana a Rigachikun da kun yi karatunku lafiya lau, kamar yadda 'ya'yan wasu suka yi. Bencin Malam Tanko nake gudu.

Ƙananan cikinku ba su san Yaya Sule da ƙarfinsa ba. Shekara goma ya ba ni. Kafinta ne, rumfarsa tana bakin titi a Abakpa kusa da gidanmu na gado, kuma shi mahaifinmu ya cire daga makaranta ya sa a sana'a don ni in ci gaba. Bai taɓa yi min gorin wannan ba. Shi kam yana son aikinsa, so na fili, in ya gama ƙofa sai ya ja baya ya tsaya yana kallonta yana murmushi shi kaɗai. Abin da aka fi saninsa da shi a unguwa shi ne ba ya rantsuwa. Ko a ciniki, in mai saye ya ce ya rantse katakon nan mai kyau ne, sai ya ce in ba ka yarda ba ga rumfuna can gaba. Na san wannan sarai lokacin da na naɗe takardar na sa a aljihu na tafi wurinsa bayan la'asar.

Na same shi da zarto a hannu, dusar katako har a gemu. Ya tsokane ni kamar kullum, ya ce yau manya sun sauko daga bene. Na miƙa masa takardar na ce wata 'yar shaida ce ta ofis, hannu kawai zai sa. Bokonsa ba nisa, amma lamba ba ta ɓace masa. Ya nisanta takardar daga idonsa, ya duba, ya sake dubawa.

"Wannan ba shekararka ba ce, Garba. Ni aka aika kiran unguwarzoma ranar da aka haife ka. Garin gudu na faɗa kwata na fasa gwiwa, ka ga tabon nan."

"Na sani, Yaya. Kowa haka ya yi a ofis."

"Kowa ba ƙanena ba ne. Ni da nake ƙirga maka watanni, ka fito mu je mu tayar da gonar Baba?"

A nan ne na yi abin da na fi jin kunyarsa. Na san yadda yake ji da ke, Sadiya, tun kina jaririya yake goya ki a kafaɗa. Sai na ce masa in na bar aiki baɗi, karatunki na jami'a ya tsaya ke nan. Ya ajiye zarton, ya zauna a kan benci.

"Rantsuwa ake yi?"

"A'a, Yaya, dangwale ne kawai. Ko kallonka ba za su yi ba."

Wannan ɗin ban yi niyyar ƙarya ba, don haka aka saba yi. Ka miƙa takarda ta taga, a buga hatimi, ka kama gabanka.

Ranar da muka je kotu, akawun da aka saba da shi ba ya nan. Wani dattijo muka tarar mai farin tabarau, irin mutanen da suke yin aiki yadda aka rubuta. Ya sa muka shiga ciki, ya karanta takardar da Turanci, ya fassara ta da Hausa kalma bayan kalma, sannan ya tambayi Yaya ko yana da alwala. Yaya kuwa ba ya zama babu alwala. Dattijon ya ɗauko Alƙur'ani daga kan kanta ya miƙa masa.

"Malam Sule, ka rantse abin da ke cikin takardar nan gaskiya ne?"

Yaya ya juyo ya kalle ni. Akwai mutane a bayanmu suna jiran layi, wasu ma 'yan ofishinmu ne. Kalma ɗaya ta ishe ni, in ce a bari, mu fita, magana ta ƙare. Sai na ɗaga kai na tsura wa fankar silin ido. Ina jin numfashinsa a gefena. Can na ji ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba:

"Na rantse."

Da muka fito na buɗe masa ƙofar mota, ya ce zai taka. Daga kotun zuwa Abakpa tafiya ce mai nisa ga mai shekara kusan saba'in, ga rana. Na ce na gode, Yaya. Ya ce kar in gode masa, ya gyara hularsa ya tafi.

To me na samu a shekaru biyar ɗin? Ko shekara biyu ba a yi ba aka kawo kwamfutoci da samari masu danna su, aka kwashe abin da ke cikin fayil-fayil aka zuba a ciki. Wanda a da sai ya zo gabana, yanzu wani yaro zai nemo masa bayaninsa kafin ya gama gaisuwa. Na koma mai zuwa da safe ya sa hannu, ya karanta jarida har tallace-tallace, ya yi azahar, ya jira ƙarfe huɗu. Na ci gaba da zagin aikin kamar da, sai dai yanzu in na fara a gida ummanku kan tashi ta bar min wurin. Yaya Sule kuwa bai yi faɗa da ni ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Suna, biki, gaisuwar rasuwa, duk yana zuwa. Tsokanar ce ta tsaya. Mutumin da ya wanke min kashi ina yaro ya koma kirana Malam Garba.

Sau ɗaya tak ya taɓa zuwa ofishina a rayuwarsa, a shekara ta biyu, cikin rigarsa ta Juma'a. Ya jira kowa ya fita, sannan ya matso da kujera.

"Na tambayi malamai, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Sun ce rantsuwar da mutum ya yi yana sane ƙarya ce ba ta da kaffara. Ba azumi, ba ciyarwa. Sai tuba, kuma tuban sai an warware abin da aka ƙulla. Ni ba zan iya zuwa in tona maka asiri ba. Kai za ka je."

"Yaya, in na faɗa yanzu korata za a yi. Sunana, mutuncina, komai ya tafi. Ka ba ni lokaci in nemo hanya."

Ya ce to. Na raka shi har ƙofa, ina jin daɗin yadda masu gadi suke miƙe min a gabansa, kun ji irin wautata. Hanyar kuwa ban neme ta ba. Duk lokacin da maganar ta taso min a rai sai in ce ai Allah Mai gafara ne, kuma saura kaɗan.

A shekarar ƙarshe ciwo ya kwantar da shi, ƙafafu suka kumbura, aka rufe rumfa. Wata safiya na biya ta Abakpa a hanyar ofis. Matarsa, Yaya Asabe, ta shigar da ni ta ba mu wuri. Ya rame ƙwarai, hannuwan nan masu ƙarfi sun zama kamar ba nasa ba. Ya riƙo bakin rigata.

"Garba, takardar nan."

Ya daɗe bai kira ni da sunana haka ba.

"Saura wata takwas, Yaya. Wallahi ina ajiye aiki za mu je tare a gyara."

"Wata takwas," in ji shi. Ya saki rigar a hankali. "To, Allah ya kai mu."

Ni kuwa, Allah ya yafe min, agogona na duba, don ƙarfe takwas ake ɗauke littafin sa hannu. Na ce masa zan dawo da yamma, na fita. Bayan sati bakwai ya rasu, 'yan kwanaki bayan ƙaramar salla.

Na ƙarasa watannina daidai, ban rage ko yini ɗaya ba. Aka yi min walimar ban kwana, aka ba ni agogon bango, darakta ya yi jawabi ya ce samari su yi koyi da ni. Sati na zagayowa na tafi kotun nan ni kaɗai. Dattijo mai tabarau ya daɗe da barin wurin, wata yarinya na samu a teburin. Na yi mata bayani tiryan-tiryan, abin da na kasa yi shekara biyar na yi shi cikin minti biyar, tunda yanzu babu abin da zan rasa. Ta saurare ni da ladabi, sannan ta ce, "Baba, ai wanda ya yi rantsuwar shi zai zo ya janye. In ba haka ba sai ka kawo wani wanda ya girme ka a gidanku." Na ce mata babu. Ta ce in yi haƙuri, ta kira na bayana.

Da azumi ya matso na sayi buhun shinkafa da sukari da gero na kai Abakpa. Tun da na fara aiki nake yi wa gidan Yaya wannan duk shekara, yawanci direban ofis nake aikawa, shi kuma in mun haɗu ya ce sun ga saƙo, Allah ya ƙara buɗi. A wannan karon ba ni da direba, da kaina na sauke kayan a zaure. Yaya Asabe ta fito ta tsaya tana kallona ina haki.

"Shigo da su ciki, Malam Garba. Yanzu ai babu mai hanawa."

Na tambaye ta wa yake hanawa da. Ta yi kamar ba za ta faɗa ba, ta gyara mayafinta, sannan ta ce:

"Tun shekarar da kuka je kotu, duk abin da ka aiko a zauren nan yake tsayawa. Washegari ya sa a raba wa maƙwabta, ko ƙwaya ba ta shiga tukunyarmu. Ya ce abin da aka samu da rantsuwarsa ba zai shiga cikinsa ba. Na ce to ka mayar masa mana ya sani. Ya ce a'a, kar in kuskura in gaya maka, ranka zai ɓaci."

Na zauna a kan buhun. Azumi biyar yayana yana buɗa baki da kunu da ɗan abin da zartonsa ya samo, ni kuwa ina ofis ina ba mutane labarin yadda nake kula da shi.